Wa Ke Sayen Sukari?

A Damagaram da wuya mutum ya aiko gaisuwa gidan rediyo da sunansa shi kaɗai. Shekara tara ke nan ina gabatar da shirin gaishe-gaishe da zaɓin waƙa a wani gidan rediyo mai zaman kansa, kuma mafi yawan saƙonnin da ke shigo mini, ta takarda a da, ta salula yanzu, ƙarshensu iri ɗaya ne: wane ɗan wane daga fada kaza ta unguwar Garin Malam, wance, a madadin matan adashin ranar Laraba, ƴan kabu-kabun bakin tasha suna gaida shugabansu da ya yi sabon aure. In ka yi tuntuɓe a sunan mutum, sau da yawa zai yafe maka. In ka tsallake sunan fadarsa, to ka shirya amsa waya har ka tashi daga aiki. Wasu abokan aikina suna ɗaukar abin son a sani ne kawai. Ni a ganina mai gaisuwar yana shaida wa gari ne cewa yana da mutane, duk mai niyyar taɓa shi ya san da haka.

A makarantar koyon aikin jarida a Yamai an yi mana darasi a kan rukunan jama'a. Malamin ya tsaga allo biyu. A gefe guda ya jera waɗanda mutum ke cuɗanya da su ido da ido, wato gida da abokan wasa da maƙwabta, ya ce wani Ba'amurke mai suna Charles Cooley ne ya ware su da suna a 1909. A ɗaya gefen ya sa waɗanda wata manufa ce ta tara su, masu dokoki a rubuce da hatimi da magatakarda: jam'iyya, ƙungiyar ƙwadago, ƙungiyar ƴan kasuwa. Rabon ya yi daɗin haddacewa ranar jarrabawa. Amma a garinmu bai cika zama daidai ba. Na san fadar da ke da shugaba da ma'aji da tarar da ake ci in ka saɓa doka, alhali ko takarda ɗaya ba ta da ita a wajen hukuma. Na kuma san ƙungiyar da ta cika duk sharuɗɗan dokar ƙungiyoyi ta 1984, tana da takardar izini da tambari da dogon suna na Faransanci, amma in ka bincika mutum ɗaya ne da jakarsa. Don haka na ajiye ma'aunin malam, na ɗauki wani wanda na koya a bakin titi. In ina son sanin ko taron mutane zai yi ƙarko, tambaya ɗaya nake yi: wa ke sayen sukarin shayin da suke sha?

Ban riski samariya ba, a bakin mahaifina na ji ta. Asalinta tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa: kowane gari da sarkin samarinsa, shi ke kiran gayya a gonar wanda ya gaza, shi ke tsara wasa bayan kaka. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, ƙasa tana cikin fari da yunwa, ya hana jam'iyyu, sai ya nemi hanyar da zai isa ga talakawa ba tare da su ba. Ya tayar da samariya a kowane ƙauye da kowace unguwa. Samari suka gina azuzuwa da tubalin da suka buga da hannunsu, suka dasa itatuwa, suka share tituna, ana gasar wasan kwaikwayo da waƙa tsakanin jihohi. Har gobe in muka wuce ta gaban wata makarantar firamare a unguwarmu, tsohon yakan nuna mini bango ya ce da guminsa a ciki. Sai dai in hira ta yi nisa yakan ƙara da cewa umarnin daga sama yake saukowa, kuma wanda bai fito aiki ba an san da shi. Kountché ya rasu a watan Nuwamban 1987. Bayan ƴan shekaru, da iskar siyasar jam'iyyu ta kaɗa, aka riƙa kallon samariya a matsayin kayan tsohon mulki, ta narke ba tare da an yi mata ko zaman makoki ba. Aikinta na nan tsaye, ita kuwa babu. Gwamnati ce ke sayen sukarinta, ranar da gwamnati ta sauya kuwa ba a samu wanda ya saba sa hannu a aljihu ba.

Abin da ya maye gurbinta ba wanda ya zauna ya tsara shi. An yi babban taron ƙasa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamban 1991. A 1993 ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya ci zaɓen shugaban ƙasa, gari ya yi murna kamar wahala ta ƙare. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikata suka riƙa bin bashin albashi wata da watanni, makarantu na rufewa saboda yajin aiki, gwamnati kuma ta daina kwashe duk wanda ya gama karatu ta ba shi aiki kamar da. Sai ga samari da takardu a hannu, ba aiki, ba kuɗin aure, ba kuma wurin zama a gida, don zaure na maigida ne da baƙinsa, tsakar gida kuwa ta mata ce. Titi kaɗai ya rage. Suka fito da benci da tabarma da butar shayi, suka sami jikin wani bango, suka kira wurin fada.

Sunan nan yana burge ni har yau. Fada ita ce inda sarki ke zama da fadawansa, ga ta can a Birni kowa ya san ta. Yaron da bai mallaki ko katifa ba ya dubi bencin da ya karye ƙafa ɗaya ya ce nan ce fadarsa. Akwai raha a ciki, akwai kuma ɗan ciwo. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa a tsakiyar shekarun 1990, fadodi suka sami inda za a ji sunansu, suka zama su ne manyan masu sauraro da masu aiko saƙo, har yau kuma haka abin yake. Ƴan'uwanmu na Najeriya majalisa suke cewa, a Bamako da Wagadugu kuma suna da irin nasu zaman shayin da wani suna. Amma ban ga inda ake rubuta sunan wurin zama a bango da fenti, da zane da kirari, kamar yadda muke yi ba. Wasu sunan wani birnin Amurka suke ɗauka wanda ba su taɓa gani ba sai a fim, wasu na ƙungiyar ƙwallon Turai, wasu kuma kalmar haƙuri ko ta tawakkali.

Na shiga tamu ina ɗan shekara goma sha bakwai, a ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da shagon mai gyaran rediyo. Ba a cike takarda. Wani ne zai kawo ka, ka zauna a gefe kwana da kwanaki, a riƙa miƙo maka kofi kana godiya, sai ran nan a ce kai ma ka kawo dala ashirin ta sukari. Ranar da aka karɓi kuɗinka, ranar ka shiga. (Ga mai karatu na Najeriya: dala a wurinmu sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu.) Kafin nan baƙo ne kai, kuma baƙo ana girmama shi amma ba a shawara da shi.

Shayin kansa shi ne agogon zaman. Dahuwa uku ake yi da ganye ɗaya a kan ɗan murhun gawayi: ta farko mai ɗaci, ta biyu ta sassauto, ta uku kusan ruwan sukari. In mai shayi gwani ne, sai ya ja abin awa biyu ko uku, yana ɗaga buta sama yana tsiyaya har kumfa ta hau kofi. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ɓata lokaci ne, ruwan da bai cika cokali biyar ba a ce sai an yi awa ana jiransa. To ai jiran shi ne abin da aka zo yi. Mutumin da ya wayi gari ba inda za shi, in ya san cewa bayan isha'i akwai inda ake sa ran ganinsa, kuma in bai zo ba za a aika a tambaya, yininsa ya sami kai da gindi. Kofunan kuma biyu ne ko uku kacal, suna zagayawa. Baƙo ake fara ba, sai babba, a sauko. Mai shayi ne ƙarshe, kuma shi ne ya fi kowa sanin halin kowa, don shi ke ganin wanda hannunsa ke rawa da wanda ya kwana biyu bai ci abin kirki ba.

Akwai doka, ko da ba a rubuta ba. Ba a zagin uwar wani. Wanda ya yi, shi zai sayi gawayin mako. Ba a neman budurwar ɗan fada, ko da sun rabu. In ana karta aka kira salla, a ajiye. Babbar dokar kuwa ita ce ta kuɗi, kuma tana da fuska biyu. Wanda ba shi da shi yau ba a tambayarsa, zai sha daidai da kowa, ba mai ɗaga masa gira. Amma kowa yana lissafi a zuci. In ka samu aikin kwana uku a wajen gini, aka gan ka da sabon takalmi, ba ka sa ko dala a gwangwani ba, ba wanda zai ce maka uffan. Kofi ne kawai zai fara isowa gare ka a makare. Banda kuɗin shayi, muna zuba dala ɗari kowace Juma'a a wani gwangwanin madara da ke hannun ma'aji. Mun zaɓe shi ne don shi kaɗai ne a cikinmu ba ya shan taba kuma ba ya zuwa zance.

A fada ake jin wane ɗan kwangila ke neman leburori, da ranar da za a rufe karɓar takardun jarrabawar shiga aikin jandarma. A nan ake aron riga da agogo da babur ranar zuwa gaida surukai. In ɗan fada zai yi aure ko suna, mu ne masu kafa rumfa, mu ɗauko kujeru, mu raba abinci, mu kwashe shara. In aka yi rasuwa a unguwa, kafin dattawa su gama alwala samarin fada sun kai maƙabarta da diga da shebur. Kuma da yake muna zaune har ƙarfe biyu ko uku na dare, ɓarawo ba ya son layinmu. Matan layin sun san haka, shi ya sa wata tsohuwa da ke yi mana faɗan hayaniya da rana take aiko mana da ƙosai da safe.

Ranar da na san nauyin gwangwanin nan ita ce daren da mota ta buge ɗaya daga cikinmu, ɗan kabu-kabu, a hanyarsa ta komawa gida. Iyayensa suna ƙauye, matarsa na da ciki wata bakwai, babur ɗin kuma ba nasa ba ne, na wani alhaji ne da yake kai wa kuɗi kullum da yamma. Ƙafa ta karye a wuri biyu. A asibiti aka miƙo takardar magani da kayan aiki, aka ce a sayo. Ma'aji ya zo da gwangwani a cikin riga, aka zazzage a kan benci: jika ashirin da uku da ƴan canji. Bai kai ba. Mutum uku suka ajiye salularsu jingina wajen wani mai shago da muka tayar daga barci. Kafin asuba an shiga da shi. Abin da ya biyo baya ya fi wannan wuya, don taimakon dare ɗaya kowa na iya yi. Aka raba kwana a asibiti, mutum biyu kowane dare. Bakanikenmu ya gyara babur ɗin bai karɓi ko sisi ba. Wani da ba ya aiki a lokacin ya hau shi yana kabu-kabu, kullum ya kai wa alhaji kuɗinsa don kada ya ƙwace babur ya ba wani, abin da ya saura a raba biyu, rabi nasa, rabi a kai wa matar. Wata uku ana haka. Ba a yi taro an tsara ba, ba a rubuta sunan kowa ba. Shekaru ana zuba dala ɗari tare, kowa ya riga ya san abin da ake jira daga gare shi.

Na san abin da dattawa ke cewa, don a shirin muhawara da nake gabatarwa ranar Asabar sun sha faɗa mini. Wani tsoho ya taɓa bugowa ya ce, "Ɗana, ku bar yi wa zaman kashe wando kwalliya. Mu a zamaninmu gona muke zuwa." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, gonar tana ina yanzu?" Ya yi dariya ya ce an yanka ta filaye an sayar. Duk da haka ban ɗauki maganarsa a banza ba, don akwai gaskiya a ciki wadda mu ƴan fada ba mu son a taɓo. Riƙon amanar da ya biya kuɗin asibiti, shi ne kuma ke sa a ɓoye ɗan fada in ya ɗauke salular wani a kasuwa. Akwai layukan da ƴan mata ke zagayewa, su ƙara tafiyar minti goma, don kada su wuce gaban wani benci su sha magana. Akwai fadodin da ƙwayar tramol ta shiga ta zauna. Kuma duk inda aka ce "mu", an riga an ce "su": na ga an fasa wa yaro kai a wajen biki saboda fadarsu ta yi rawa a filin da wata fada ta ce nata ne.

Daga nan zuwa abin da ake kira pale ba nisa. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta kuma fada, amma a Damagaram kowa ya san bambancin. Pale ta fi ƙarfi a unguwanni irin su Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da waɗanda gari ya ture gefe. Samarin can suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsoffin kayan mota, wasu na fasa dutse, wasu na shigo da man fetur daga Najeriya ta ɓarauniyar hanya. Aicha Macky, ƴar garin nan, ta yi fim a kansu mai suna Zinder da ya fito a 2021, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a cikinsa shi ne yadda suke kula da junansu, kamar dai mu. Bayan tarzomar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a garin nan, sai aka haɗa fada da pale aka yi musu kuɗin goro, duk saurayin da ke zaune a bakin titi ya zama abin zargi. Wannan zalunci ne ga dubban da ba su jefa ko tsakuwa ba. Amma wanda ya ce ba abin da ya haɗa su, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba. Ginin iri ɗaya ne: shugaba, suna, wurin zama, asusu, da alkawarin ba a barin ɗan'uwa. Wanda gari ya rufe wa kowace ƙofa, duk wanda ya zo da kuɗi ya ce a taya shi wani aiki, zai samu hannuwa a shirye, an riga an tara masa su wuri ɗaya.

Ƴan siyasa sun daɗe da gane wannan. Ba sai sun bi gida-gida ba, benci-benci ya ishe su. Lokacin yaƙin zaɓen 2020, wani wakilin ɗan takara ya tsaya da mota a gaban dogon yaronmu. Ya sauke buhun sukari, da kwalin ganyen shayi, da buhun gawayi biyu, da sababbin kujerun roba goma sha biyu, sannan ya ja shugabanmu gefe ya sa masa ambulan a aljihu. Bai nemi komai ba a ranar, sai dai a liƙa hoto a bango. Muka yi gardama har dare ya raba. Wasu suka ce dukiyar ƙasa ce ta dawo hannun masu ita, a ci a kuma zaɓi wanda ake so. Ma'aji ya ce shi dai bai ga laifin kujeru ba, buhun sukarin ne ba ya so. Aka yi masa dariya.

Ba rikicin jam'iyya ne ya ci mu ba, ko da yake an ɗan taɓa shi. Buhun nan ya yi wata huɗu ana sha. Wata huɗu ba wanda aka ce ya kawo dala ashirin. Da ba a karɓar na shayi, sai na Juma'a ma ya fara tsallake mako, don ranar karɓar ɗaya ce ke tuna wa mutane ɗayan. Baƙi suka yi yawa, tunda shayin na kowa ne, ba a kuma san wa ya shiga wa bai shiga ba. Sannan maganar ambulan ta taso. Shugaba ya ce jika hamsin ne a ciki, ya kuma ajiye su gaban kowa. Wani ya ce ya ji an ba fadar bayan layi jika ɗari, to ina sauran namu? Ba mai hujja, ba kuma mai iya wanke shi. Mutumin da muka yarda da shi shekara goma a kan kuɗin da muka tara da guminmu, muka kasa yarda da shi a kan kuɗin da ba mu san adadinsu ba. Ya yi fushi ya bar zuwa, mutum huɗu suka bi shi. Da aka gama zagaye na biyu na zaɓen a watan Fabrairun 2021, lambar wakilin ta daina shiga. Ranar da aka kakkaɓe buhu, mai shayi ya ce a kawo na sukari, sai wani ya ce, "Yau kuma?" kamar an roƙe shi abin da bai taɓa bayarwa ba.

A nan ne nake cewa mata sun fi mu wayo, kuma ba don in faranta musu nake faɗa ba. Mahaifiyata ta yi shekara fiye da ashirin a adashi ɗaya. Tsarinsa kowa ya sani: a zuba daidai wa daida, mutum ɗaya ta kwasa, a zagaya. Haɗarinsa ma kowa ya sani: wadda ta kwasa da wuri ta daina zubi, ko uwar adashi ta ci kuɗin ta ce an sace. Ba su da kotu ba su da jandarma. Abin da suke da shi shi ne ranar bikinki. Wadda ta ci amanar adashi za ta aurar da ƴa ta ga tsakar gidanta fayau, ba mai kawo ko kwano, kuma duk macen garin nan ta fi tsoron wannan a kan sammaci. Sau ɗaya na ji an kawo musu tayin tallafi daga waje, uwar adashin ta ce a ba kowace mace nata a hannunta, amma kada ko dala ta shiga cikin zubi, don kuɗin da ba a san zafinsa ba shi ke koya wa mutane rashin biya.

Wani zai ce to ai Mata Masu Dubara daga waje aka kawo ta, ga ta kuma ta yi ƙarko. Haka ne. Ƙungiyar CARE ce ta fara ta a jihar Maraɗi a 1991, daga nan tsarin ya bazu cikin ƙasa, ya tsallaka har wasu ƙasashen Afirka da dama. Amma duba abin da aka kawo musu: akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da mabuɗai a hannun mata daban-daban don kada mutum ɗaya ta iya buɗewa ita kaɗai, da koyon yadda ake ba da rance a dawo da shi da ɗan ƙari, a raba riba in zagaye ya cika. Akwatin fanko aka ba su. Duk abin da ke ciki su suka zuba, daga kuɗin ƙuli-ƙuli da na fura. Kwatanta wannan da ƙungiyoyin da ake haifa ranar da aka ji wani shiri ya zo da kuɗi: a tara suna talatin, a yi hoto da allo, a karɓi kuɗin zama, shiri ya ƙare, ƙungiya ta bi shi. Na sha karanta sanarwar kafa irinsu a rediyo. Ban taɓa karanta sanarwar taronsu na shekara ta uku ba.

Tamu fadar ba ta mutu ba, amma ta rame. Dama shekaru sun fara cin ta: aure ya ɗauke wasu, neman kuɗi ya kai wasu Agadas, wasu wajen haƙar zinariya a Jado tun da aka gano ta a 2014, biyu suna Libiya, ɗaya yana Kano. Akwai zauren WhatsApp da ya haɗa mu, mutum talatin da ɗaya, inda ake tura gaisuwar Juma'a da hoton jarirai da muryoyin wa'azi. Yana da amfaninsa. Ta nan muka ji rasuwar mahaifin na Libiya, ta nan kuma aka tara abin da aka kai gidan. Sai dai a can ba mai ganin hannunka yana rawa, kuma fita ba ta da wuya, danna abu ɗaya ne. Bangon ma ba namu ba ne yanzu. Ƙannenmu sun shafe sunanmu sun rubuta nasu, da zanen zaki wanda ya fi kama da kyanwa, kuma suna zaune a kan abin da ya saura na kujerun roban nan.

Bara ma'aji ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu bakwai da ke cikin gari, ya ce a dawo da zubin Juma'a, yanzu jika guda tunda duk muna ɗan samu. Muna haɗuwa a ƙofar gidansa bayan la'asar, mu tashi kafin isha'i saboda yara. Tsohon shugaba ya zo sau biyu, ya zauna a gefe, an ba shi kofin farko. Ma'aji ya kawo shawarar sabuwar doka: kada a karɓi kyautar kowa in ta wuce shayin zama ɗaya. Biyar sun yarda. Ɗan kabu-kabun nan, wanda har yau yake ɗan ɗingishi, yana cikin biyun da suka ƙi. Ya ce shi ya san ranar da jika ashirin da uku ta kasa, kuma in wani ya kawo buhu gobe, a sayar a zuba kuɗin a gwangwani, a ci gaba da karɓar dala ashirin kamar ba a kawo ba. Ma'aji ya ce ai ba za a ci gaba da karɓa ba, mun gani. An bar maganar sai Juma'a mai zuwa, kuma wannan ce Juma'a ta shida da ake barin ta.